Ram Biyu da Katin Hoto a Shagon Baffa

Shekara huɗu na yi a shagon Baffa, yayan mahaifina, kusa da tashar Ikara. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya kai ni Zariya koyon zane a kwamfuta. Da na dawo ya zaunar da ni gaban wata tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya a gwanjo. Ni ke buga takardun neman aiki, da katin suna, da tambarin masu mazarƙwaila da ke zuwa daga Maƙarfi.

Kwamfutar ta gaji. In na buɗe babban hoto sai ta tsaya cik, in yi ta kallon 'yan acaɓa ta taga har ta farfaɗo. Ban taɓa jin haushinta ba. Wani abokina ya samo mini gurbi a wata maɗaba'a a Kaduna, ni kuwa na san ba zan iya duban idon Baffa in ce zan tafi ba. Sai na zuba ido kwamfutar ta mutu, shagon ya rufe da kansa.

Wata Laraba ta ɗauke ina tsakiyar aikin wani mutumin Kudan. Na ce, "Baffa, wannan fa ta gama yi."

"Me take buƙata?"

Ban saba yi masa ƙarya ba. Na ce ram ɗinta ya yi kaɗan, wato abin da take riƙe aiki da shi, kuma tana son katin hoto, na'urar da ke taimaka mata buɗe manyan hotuna. Na ƙara da cewa suna da tsada, ko a Zariya da wuya a samu.

"Rubuta mini sunayensu," in ji shi.

Bayan kwana uku ya shigo da baƙar leda, da ram biyu da katin hoto a ciki. Ashe masararsa ya fitar kasuwa, ya hau mota ya je Kano da kansa, da 'yar takardar a aljihu.

Na kwance murfin akwatin kwamfutar. Har gidan zanzaro na tarar kusa da fanka. Na share, na ɗauko ram na farko. A nan wani tunani ya zo mini: in ban danna shi ya zauna daidai ba, kwamfutar ba za ta tashi ba, kuma Baffa ba zai taɓa sanin dalili ba. Yana tsaye a bayana, ya riƙe mini sukurori a tafin hannunsa, yana ta bisimilla a hankali.

Na danna har ya ce ƙas. Na sa na biyu, na sa katin, na kunna. Hoton mutumin Kudan ya buɗe kafin in saki linzamin kwamfutar.

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Yanzu hankalina ya kwanta. Shagon nan naka ne, ɗana."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa."

Bayan la'asar na zagaya bayan shago na kira abokina, na ce ya ba wani mutum gurbin nan na Kaduna. Aiki ya ƙaru daga nan, har masu fosta suka fara zuwa. Sai da na ƙara shekara uku a kan wannan kujerar.