Jarida da Toka

Yau zan goge baƙin hayaƙi daga gilashin murhu, sai na tsinci kaina ina karanta jaridar da zan goge da ita kafin in jiƙa ta. Halin Baba ne, dattijon da ya sauke ni a unguwar Deptford ta Landan lokacin da kuɗin fetur ya kawo mu karatu.

Da jiƙaƙƙiyar jarida da toka yake gogewa. Wata safiya zan dangwala wani shafi a toka, ya riƙe hannuna. Labarin farashin mai ne, da sunan wani Muhammadu a ciki.

Ya ce, "Ɗana, sunan nan ba ya shiga toka, ko da boko aka rubuta."

Ya ninke shafin, ya sa aljihu.

Allah Ya sada shi da Annabin da ya girmama sunansa.