Zinariya da Ƙullin Madara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran 'yata Zinariya bayan doguwar jinya da ciwon sikila, tana shekarar ƙarshe ta karatun kimiyyar abinci a jami'ar da ke Gubi.

Zinariya, ban saba yabonki a gaban idonki ba. Haka aka rene ni. Yau zan faɗa.

Ke kika lura da abin da ya shige mana duhu a unguwarmu ta Fadaman Mada. Masu shago kan sayo buhun madarar gari, su ƙulla ta a leda, su yar da buhun tare da kwanan watan da ke jikinsa. Uwa ta sayi ƙulli ta dama wa yaronta, babu mai sanin ko wa'adin madarar ya wuce. Kowace Asabar kika riƙa bin shaguna, kina nuna musu bambancin ranar da aka sarrafa kaya da ranar da amfaninsu zai ƙare, kina roƙon su yanke wurin rubutun su rataye shi bisa ƙullin.

Malam Hammawa, mai shagon bakin masallaci, ya kawo ƙararki wurina: "Malam, ja wa 'yarka kunne. Tun ba a haife ta ba nake sayar da madara, hancina ya ishe ni." Kika durƙusa a gabansa kika ce masa, "Baba, hancinka ba ya zuwa gidan mai saye." Sai da ya daina amsa gaisuwarki na ɗan lokaci, sannan ya rataye.

A gadon asibiti damuwarki ɗaya ce: kada aikin ya mutu da ke. Kika tambaye ni wa zai ci gaba da shi, na ce ki huta. Ban ba ki amsa ba.

A wurin zaman makoki Hammawa ya zauna kusa da ni, ya zaro guntun sabon buhu daga aljihu. Idonsa ya yi rauni, kuma mai karanta masa ba ta nan. Na sa tabarau na karanta masa kwanan watan. Na ce masa Asabar ina tafe, shago bayan shago. Amsarki ke nan, 'yata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwonki ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Ya ba mahaifiyarki da ƙannenki haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.