Magajiya Ba Ta Tsayawa a Layi

Mma Haleema ta baro Kumasi a shekarar 2001 da sunan za ta yi wa 'yar yayarta zaman jego a Amurka ta koma. Ba ta koma ba. Miji ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, to ta koma ta tarar da wa? Ta kama ɗan ɗaki a Landover, ta samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu: ta yi musu wanka, ta sauya zanen gado, ta ba su magani.

Ɗakinta shiru ne, amma wayarta ba ta hutawa, domin ita ce Magajiyar matan Zango. 'Yan Gana mazauna Maryland suna da ƙungiyarsu, kuma yadda ake yi a gida haka suka yi: manyan mata suka zauna suka ce ita suke so, aka yafa mata farin mayafi, aka shafa fatiha. Babu takara, babu wa'adi. In an haihu ita ake fara kira. In an rasu ita ke wankan gawa. In miji da mata sun kaure, a gabanta ake zubar da hawaye. Saboda haka ne ma ba ta taɓa karɓar aikin Asabar da Lahadi ba. Wannan sarautar ita ce danginta a ƙasar nan, ban da 'yar yayar tata ba ta da wasu.

A 2012 sai maza suka zauna, kamar yadda suka saba zama ba tare da sun tambayi kowa ba, suka ce harshe ɗaya, addini ɗaya, me ya kawo ƙungiya biyu? Aka haɗe ta 'yan Gana da ta 'yan Najeriya, wadda ke cike da likitoci da injiniyoyi. Aka rushe duk muƙamai, aka ce kowa sai ya sake nema ta hanyar zaɓe. Magajiya ma aka sauya mata suna, wai Shugabar Mata.

Ƙawarta Sadiatu ta zo ta same ta. "Mma, Hajiya Sharifa, matar nan ta Kano mai kantin magani, tana ta buga wa mutane waya fa. Ke ma ki ɗan motsa."

"Ei! In bi gida-gida ina roƙon a so ni? Matan da na wanke iyayensu da hannuna? Sadiatu, yunwa kike ji ne? Ga abinci can."

Ranar zaɓe aka taru a wani zauren haya a Takoma Park bayan azahar. Injiniya Zulkifilu, shugaban kwamitin zaɓe, ya ɗauki lasifika ya ce za a yi ƙato bayan ƙato, irin na Najeriya: ɗan takara ya miƙe, masu son sa su jeru a bayansa, a ƙirga. Matan Gana suka bushe da dariya. Wata ta ɗaga murya: "Alhaji, wane ne ƙaton a cikinmu? Nuna shi!"

Hajiya Sharifa ta miƙe, mutanenta suka yi layi tsaf. Mma Haleema kuwa ko motsi. A Zango Magajiya ba ta tsayawa cikin taro. Tana zaune ake zuwa gare ta. Haka matanta suka yi. Suka taso ɗaya bayan ɗaya suka zazzauna a ƙasa kewaye da kujerarta, har suka toshe hanyar fita. Ko makaho ya san sun fi na layin yawa.

Injiniya ya matso. "Hajiya, don Allah ki daure ki miƙe."

"Ɗana, ga mu nan. Ƙirga mu."

"Ƙa'ida ta ce layi, Hajiya."

"Awaki ake jerawa a ƙirga. Ba ka da ido ne?"

Yana da ido, har da tabarau. Amma ya juya ya ƙirga na tsaye, ya sanar cewa Hajiya Sharifa ta ci, Hajiya Haleema ba ta samu ƙuri'a ko ɗaya ba. Ko ɗaya! Kuma babu namiji guda daga Gana da ya buɗe baki, domin su sun riga sun raba nasu kujerun tun kafin a shigo.

Gaskiya Hajiya Sharifa ba muguwa ba ce. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Mama, ke ce uwarmu har gobe." Aka ma ba Mma Haleema wani suna, Uwar Ƙungiya, sunan da babu aikin komai a cikinsa.

Matan Zango suka yi ta kumfar baki, suka rantse ba su da wata Magajiya sai ita. Amma mai neman takardar zama lauya take buƙata, mai ciwo likita, kuma Sharifa ce ta san su. Sanarwa ta koma WhatsApp, a rubuce, Mma Haleema kuwa ba ta yi boko ba. Labarin haihuwa ya riƙa iske ta bayan suna, na rasuwa bayan an binne.

Da 'yar Sadiatu ta haihu, sai ga waya. Mma Haleema ta amsa tana laluben takalmi.

"Mma, kar ki wahalar da kanki," in ji Sadiatu, murya ƙasa-ƙasa. "Kwamiti ya raba aiki. Ke dai ki zo ranar suna ki sa albarka."

"To. Allah ya raya."

Washegari ta je ofishin da ke tura su aiki ta ce a sa ta Asabar da Lahadi. Aka ba ta wata tsohuwa mai suna Edna, wadda ƙwaƙwalwarta ta tafi, kullum sai ta tambaye ta wace ce ita. Ranar sunan jikar Sadiatu, wata Asabar, Mma Haleema tana can tana taje wa Edna furfura a bakin taga. Tsohuwar ta waiwayo ta sake tambaya.

"Haleema," ta ce, ta ci gaba da taje kan.