Baƙuwa a Rabin Tabarma

Shekarun baya kaɗan, lokacin da masara ta fi ƙarfin wanda ya noma ta, na yi aiki a wani masaukin marasa matsuguni a nan Birnin Gwari. Na ce aiki ne kawai, amma babu albashi. Na gama karatun koyarwa ina zaune ina jiran a ɗauke ni, sai kwamitin unguwarmu suka ce suna neman mace mai baki da za ta kula da ɓangaren mata. Duk wurin aka juyo aka kalle ni. Ban ji daɗin saurin da aka yi wajen tuna ni ba, amma na karɓa.

Masaukin wani tsohon sito ne a Magajin Gari. Mai shi ya ba da aronsa bayan hatsi ya daina fitowa daga ƙauyuka. Waɗanda ke ciki mutanen da 'yan bindiga suka taso ne daga Gayam da Saminaka da rugagen bakin daji, Musulmi da Kirista, Hausawa da Gbagyi da Fulani. An ɗinke buhuna an raba siton biyu, maza can, mata da yara nan. Kowace mace tabarmarta ce iyakarta. A kai take kwana, a kai take cin abinci, ƙullin kayanta kuma shi ne matashinta. In ruwa ya sauko kwanon rufin yana yoyo, sai kowa ta naɗe tabarma ta rungume, a tsaya a jikin bango har ya ɗauke. Banɗaki ɗaya ne, tari kuwa in ya kama yaro guda sai ya zaga kowa.

Da farko abinci bai gagara ba. Mutanen gari suna aiko da tuwo da kunu, 'yan kasuwa suna sauke abin da ya samu. Sai man fetur ya tashi, komai ya bi shi. Masu aiko da kwano biyu suka koma ɗaya, masu ɗaya suka koma aiko da gaisuwa. Girkin da muke yi safe da yamma ya koma na rana kaɗai, kunun safe kuma ya tsinke har yara suka daina rububinsa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sabbin fuskokin da suka fara tsayuwa a bakin ƙofa. Ba daga ƙauye suke ba. 'Yan gari ne da muka sani, masu faci, masu wanki da guga, matan da sana'a ta mutu a hannunsu, mazauni ya gagare su. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa masaukin na waɗanda aka kora daga ƙauyukansu ne kaɗai, domin ɗan gari ko yaya yana da dangi ko maƙwabci. Shugaban kwamitin, wani dattijo da muke kira Malam, ya faɗi dokar idonsa a ƙasa. Ba mugunta ba ce. Wurin ya cika har ba ka iya wucewa sai ka tsallake ƙafar wani, kuma in aka buɗe wa mutum ɗaya, layi ne a bayansa.

A cikin masu taimaka mana akwai ƙawar marigayiya mahaifiyata, wadda na tashi ina kira Gwaggo. Waina take sayarwa a tasha tun ina goye. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo ya bi masu haƙar zinare cikin daji, labarinsa ya yanke. Mace ce mai tsafta da ji da kai, irin wadda ko ruwa za ta ba ka sai ta sake ɗauraye kofin a gabanka. Duk Juma'a takan kawo mana waina cike da langa, ta raba wa yara da hannunta, tana yi musu faɗan su wanke hannu.

Da shinkafa da mai suka yi tsada, motoci kuma suka ragu a hanya, wainar ta tsaya. Gwaggo ba ta tsaya ba. Ta ce tunda ba ta da abin kawowa, za ta kawo ƙarfinta. Ta shiga rumfar girkinmu da ke bayan sito ta karɓe muciya. Kullum na zo da safe in tarar ta hura wuta, in zan tafi da yamma in bar ta tana kankare tukunya. Ni kuwa har yabonta nake yi a gaban mutane, ina cewa ku ga tsohuwa ta fi ku sammako.

Wadda ta buɗe min ido wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi daga wajen Gayam, Kirista, kowa yana ce mata Mama. Ita kaɗai ta iso masaukin, da tukunya ɗaya a kafaɗa, ba ta kuma taɓa ba da labarin inda sauran mutanen gidanta suke ba. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta ja ni gefe.

"Yarinya, kai kana da ido kuwa?" Haka take Hausarta, mace da namiji duk ɗaya.

"Me ya faru, Mama?"

"Je ka duba bayan itace."

Na je. A bayan tarin itacen girki na ga ƙullin kaya a cikin leda, da sallaya a ninke, da wani kwali da aka shimfiɗa ya jiƙe sharkaf. Na san sallayar. Mahaifiyata ce ta ba Gwaggo ita.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mai gidan da Gwaggo take haya, 'yan uwansa ne aka taso daga ƙauye, suka zo masa da yara da tsofaffi, ya roƙe ta ta ba shi ɗakin. Ta tattara ta fito ba ta gaya wa kowa ba. Tun lokacin a rumfar nan take kwana, rumfar da ko ƙyaure ba ta da shi.

Na same ta tana tsintar wake. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki zo mu tafi gidanmu." Alhali ni kaina na san dangin mijina na Saminaka sun cika mana gida har zaure.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In je gidanku in yi me? Ni da nake da ɗakina?"

"Gwaggo, na ga kayan."

"Kayan wanki ne. Ke dai tun kina yarinya bakinki ya riga hankalinki. Tashi ki duba min wutar can."

Na tashi na duba wutar. Hawaye suna zuba, ina cewa hayaƙi ne. A ranar na gane za ta iya jure ruwan sama da sauro, amma ba za ta iya buɗe baki ta ce ba ta da wurin kwana ba. Ga shi kuma doka ta hana ni in shigar da ita ciki.

Zancen bai ɓoyu ba. Wani da aka hana ƙanwarsa wuri ya kai ƙara wajen Malam, ya ce ana hana 'yan gari amma ga wata tana kwana a rumfa saboda ta san mai kula da mata. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Washegari da hantsi Malam ya zo, ya yi sallama a bakin rumfa. Mata suka taru kamar masu jiran rabon abinci. Gwaggo tana tsaye da muciya a hannu.

Malam ya gaishe ta har da tambayar gajiya, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Hajiya, kin san halin da muke ciki. Wallahi ba don ni ba. Amma an ce min..."

Ni mai bakin nan, wadda aka ɗauko saboda baki, sai na ja baya na laɓe a cikin mata.

Sai Mama ta ratso mata ta fito gaba. Ta ce, "Malam, sannu. Wannan baƙona ne."

Malam ya ce, "Baƙuwarki kuma, Mama? Ai ke ma..." Mama ta tari numfashinsa.

"Ni ma me? Tabarman can ba ku kuka ba ni ba? Ba ku ce nan ne wurina ba? To, gidana ke nan yanzu. A Gayam ko bukka mutum yake da shi, in baƙo ya zo ba a zuwa a tambaye shi dalili. Ni na roƙe shi ya zo ya taya ni kwana, ƙafana yana ciwo. Shi ne yana jin kunya, yana tsayawa a waje."

"To, baƙuntar ta kwana nawa ce?"

Mama ta dube shi sama da ƙasa. "A garinku ana tambayan baƙo yaushe zai tafi?"

Wasu mata suka sa gefen mayafi suka rufe baki. Malam ya shafa gemu. Ya ce, "Abinci fa? Kin san ba za mu iya ƙara ko ludayi ba."

"Wa ya ce ka ƙara? Baƙo a kwanon mai gida yake ci."

Kowa ya san abin da ke cikin kwanon nan. Tuwo ne da bai kai ya ƙosar da yaro ba, sau ɗaya a yini. Daga ƙarshe Malam ya ce shi dai dokar da aka ba shi ta masu neman wuri ce, ba a ba shi ta baƙi ba. Ya yi sallama ya juya.

Saura Gwaggo. Duk muka zuba mata ido, ina tsoron kada ta ce ita tana da ɗakinta. Ta jingine muciya, ta gyara ɗaurin zani, ta dubi Mama ta ce, "Ke dai kin cika naci. To, tunda kin matsa, zan kwana miki biyu."

Kwana biyun nan ya kai ƙarshen damina. Tabarmar ba ta ɗaukar mutum biyu a miƙe, sai suka riƙa kwana a takure, baya da baya. Da asuba Mama ce take tashinta salla, ta matsa ta ba ta wuri. Ran Lahadi Gwaggo ce take gadin ƙullin Mama har ta dawo daga coci. Suna faɗa kuwa kamar me, yawanci a kan gishiri da kuma minsharin da kowacce ta rantse ba ita ke yi ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya jawo mana matsi, domin wasu matan ma sun yi baƙi bayan haka, iska ta ƙara ƙaranci a siton, an kuma yi gunaguni. Amma ban taɓa jin wani ya kira Gwaggo 'yar masauki ba. Yara ma in sun gaishe ta sai su ce, "Ina kwana, baƙuwar Mama."

Na sha ganin yadda suke cin abincin. Mama ta gutsura kaɗan ta ce ta ƙoshi, Gwaggo ta ce ita ma ta ƙoshi, tuwo ya zauna a tsakani kowacce tana jiran ɗaya. Dukansu biyu sun rame.

Ana gab da fara girbi zazzaɓi ya kama Gwaggo, ya haɗu da tarin da ta kwaso tun kwanan rumfa. Mun kai ta asibiti, an ba da magani, ta ce a mayar da ita wajen mai masaukinta. A kan rabin tabarmar nan ta cika, wata rana da rana tsaka, kanta a cinyar Mama, wata Bafulatana tana laƙƙana mata kalmar shahada.

Matan Musulmi suka yi mata wanka aka suturta ta. Da maza suka ɗauki makara, sai Mama ta miƙe ta bi bayansu, ba ko takalmi. Na riƙo hannunta na ce, "Mama, mata ba sa zuwa maƙabarta."

Ta ce, "Na sani. Rakiya zan yi. Baƙo ba ya fita gidana shi kaɗai."

Na sake ta, na bi ta a baya. Ta taka har bakin kwalbatin da ke inda layinmu ya haɗu da titi, daidai inda muke tsayawa in mun rako baƙi. A nan ta tsaya. Makara tana nisa, ta ɗaga hannu ɗaya ta ce, "Na gode da zuwa. Ka gaida gida."

Muka tsaya a nan har masu makara suka sha kwana.

Yanzu siton ya koma ajiyar hatsi. Mama ta koma ƙauyensu da hanya ta ɗan lafa, ni ma na samu aikin koyarwar. Nakan tuna watannin nan abin ya dame ni, ba don yunwar kaɗai ba. Mu 'yan kwamiti mun yi ta lissafin wuri, muka ga babu, kuma da gaske babu. Amma da a ce wurin ya samu, da mun ba Gwaggo a matsayin taimako, kuma na san ta, da ba ta karɓa ba. Mama ce kaɗai ta gane cewa matar da ta saba bayarwa sai an roƙe ta kafin ta shigo. Gwaggo ta rasu ba ta roƙi kowa komai ba.

Har yau in na raka baƙuwa bakin titi, nakan yi mata addu'ar sauka lafiya, in yi godiya, in ɗaga hannu. Sauran maganar ce, "ki gaida gida", ba ta fita. Sai in tsaya kawai ina kallonta har ta sha kwana.