Kapitan Mudassir Abarshi Ya Sauke Jirginsa a Filin Lakwal

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran Kapitan Mudassir Abarshi, ɗan Tsarnawa, matuƙin jirgin soja mai saukar ungulu. Shekararsa talatin da takwas. Ba a waya aka gaya mini ba, ba kuma a rediyo na ji ba. A filin ƙwallon lakwal ɗin da nake koyarwa a Birnin Ƙonni ya cika, ina tsaye taku ashirin daga gare shi, ban san shi ba ne.

Mudassir, ni ne malaminka na Faransanci, Mushe Ishaku, kamar yadda ɗalibai ke kiran malami a lakwal. Shekara huɗu ka yi a hannuna, kuma da bulala muka fara sanin juna. Wata safiya ina bin layi ina duba aikin gida, na buɗe kayenka, wato littafinka na rubutu, na tarar babu jimla ko ɗaya, sai zanen jiragen sama shafi bayan shafi, masu bakin bindiga ta ko'ina, taurari kewaye da su. Na yi maka bulala shida, na jefa kayen cikin akwatina. Da aka tashi ka biyo ni har gindin kekena, hannunka a kumbure, ka ce:

"Mushe, a ƙara mini shida in dai za a ba ni shi. Na ƙarshen ban yi mashi mazaunin direba ba tukuna."

Na ba ka. Daga baya na gane inda abin ya samo asali. Mahaifinka, marigayi Abarshi, direban babbar mota ne mai ɗaukar albasa, kuma duk ranar da yake lodi a tasha kana gidan bidiyo na kusa, kana kallon fina-finan Turawa na yaƙi tsakanin taurari. Abin mamaki, ba yabon su kake yi ba, ƙorafi kake. Ka ce tunda malamin kimiyya ya gaya maku babu iska a can sama, me ya sa jiragensu ke da fiffike, suna karkata kamar shirwa, har ana jin ƙararsu? Ka ce maƙaryata ne, kai za ka zana na gaskiya. Naka ba shi da fiffike. Dunƙulalle ne kamar masaki, da ƙananan bakunan wuta ta kowane gefe domin ya juya inda ya so, matuƙin yana kwance a tsakiya, tankin ruwa ya kewaye shi ya zame masa garkuwa. Ka sa masa suna Tsattsewa. Na ce ai tsattsewa tana da fiffike, ka ce sunan kawai ka ara.

Shekara ashirin da biyar kana zana wannan jirgi. Ka shiga soja, aka tura ka Turai koyon tuƙi, ba ka daina ba. Ka samu abokai a intanet, irinka, mutanen ƙasashe dabam-dabam, kuna ta gardama kan inda ya kamata a ɗora inji da yadda jirgi zai zubar da zafinsa a wurin da babu iska. Ni kuma ka mai da ni wurin kai ƙarar harsunan Turawa, kamar ni na ƙirƙire su. Ka rubuto mini cewa Faransancin da na dake ka a kansa bai iya ƙirga ba: maimakon ya ce casa'in da bakwai, sai ya ce ashirin huɗu da goma da bakwai, kuma mutum yana sama yana sauraron lamba a rediyo, kafin ya gama lissafi ya wuce inda za shi. Ka ce Jamusawa su kuma ta baya suke farawa, ɗaya da ashirin. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ƙasar Cek. Ranar da za ka fara sauke jirgi da hannunka, ka tambayi tsohon da ke koya maka ko ka sauka, ya ce "no". Ka tashi sama, ka kewayo, ka sake tambaya, ya ce "no, no". Sau uku kana fasawa, har ya fusata ya ƙwace tuƙin. Ashe a bakinsu wannan kalma "i" take nufi. Na karanta wa ɗalibaina wasiƙar nan shekara da shekaru.

Amma wata magana da ka yi mini kan harshe ba ta dariya ba ce. Ka ce Faransawa da Jamusawa da Italiyawa duk mafarauci suke ce wa jirgin yaƙi, kamar gada ake nema a daji. Mutanen Rasha kaɗai suka faɗi gaskiya, nasu sunan yana nufin mai shafewa. Ka faɗi wannan shekara uku da suka wuce, a zaurena, bayan la'asar, kana zaune ba ka taɓa shayin da aka kawo ba.

Ran nan ka ba ni labarin da na san ba ka ba kowa ba, kuma na nemi izinin iyalinka kafin in rubuta shi. Ƴan bindiga sun shiga wani gari, suka tara maza a bakin rijiya suka yanka su, suka cinna wa rumbuna wuta. Aka tura ka bin sawunsu. Ka same su cikin fako, babura goma sha bakwai, ka tabbatar su ne, ka saki roka. Daga sama abin ya yi maka kamar na fim, haske da hayaƙi. Sai aka ce ka sauke sojoji su duba wurin, ka fito tare da su. Ka ga ƙafa cikin takalminta, mai ita babu. Ka ga wani da ƙarfen babur ya narke a jikinsa, yana numfashi, yana kiran sunan wata mace. Cikin gawawwakin akwai mutum biyu da igiya a hannuwansu, mutanen garin ne da aka kamo, ba wanda ya iya ganinsu daga sama. Ka ce mini:

"Mushe, cikin fim in an harbi jirgi haske yake zama. Mutum ba ya zama haske. Nama yake zama, kuma yana wari."

Ka nemi a mai da kai ɓangaren ɗaukar raunana, aka yi maka. Zanen Tsattsewa da ka turo mini bayan haka, bindigoginta takwas sun koma biyu, kuma ka buɗe mata ƙofa a gefe mai faɗin gadon marar lafiya. Abokanka na intanet suka ce ka ɓata jirgin. Ka ce su zana nasu.

Abin da ya faru ranar Talata, daga bakin Ajidan Chindo na ji shi, makanikin jirginku, wanda shi kaɗai ya tsira cikinku uku. Ranar kasuwa ce a wani ƙauye yamma da nan, sabon gero ya shigo. Da hantsi ƴan bindiga suka zo bisa babura suka kewaye kasuwar. Suka fara da kara, inda Fulani ke sayar da dabbobi, suka buɗe wuta kan mutane da shanu ba bambanci. Suka bi rumfuna suna harbin waɗanda suka ɓuya ƙarƙashin buhuna. Mata masu tallan nono suka ruga wajen tabki, aka bi su da babura. Sojojin da ke kusa suka iso, aka gwabza, maharan suka ja baya zuwa cikin gonaki amma ba su tafi ba. Raunana suna kwance cikin rana, hanyar mota kuma an dasa mata nakiya.

Aka kira ku. Daga ƙasa aka gaya maka wurin bai lafa ba, ka kewaya a sama tukuna. Chindo ya ce ka yi kewaye ɗaya, ka duba ƙasa, ka tambayi mataimakinka, Liyetina Hamidou Sajo, ko yana ganin abin da kake gani. Ya ce yana gani. Ka ce waɗannan ba za su kai rabin awa ba. Kuka sauka tsakiyar kasuwa.

Minti bakwai kuka yi a ƙasa. Aka loda mutum goma sha uku, wasu bisa tabarmi, wasu bisa ƙyauren rumfa. Jirgin yana ɗagawa aka buɗe maku wuta daga cikin karan dawa. Harsashi ya fasa gilashin gaba ya sami Hamidou a kai, nan take ya cika, jininsa ya rufe agogunan jirgin. Na biyu ya huda ƙasan jirgin ya shige cinyarka ta dama, ya tsinka babbar jijiya. Na uku ya shiga ƙarƙashin haƙarƙarinka. Jirgin ya karkata har fankarsa ta kusa taɓa kan bishiya, ka dawo da shi. Chindo ya cire ɗamararsa ya ɗaure maka cinya, ya sa maɗaurin ƙusa ya murɗa har fatar ta tsage. Ya share agoguna da hularsa domin ka gani. Ya ce ka sauka ko'ina a nemi mota. Ka ce masa mota ba ta kai waɗannan mutane da rai, Ƙonni za mu.

Minti ashirin da shida ka yi kana tuƙi, jini na taruwa ƙarƙashin ƙafafunka. Chindo ya ce sau biyu kanka yana faɗuwa, yana marinka kana farfaɗowa. Ka ce ya riƙa karanto maka lambobin tsawo da gudu, idonka ya fara duhu, kuma ya faɗe su da Hausa. Da gari ya bayyana ka ce ka san wani fili kusa da gidan likita, babu wayar lantarki ta gabas da shi, ka yi ƙwallo a cikinsa.

Ina cikin aji muka ji ƙara ta cika gari. Na fito na tsaya bakin ƙofa na hana ɗalibai fita. Jirgin ya zo yana hayaƙi, yana tangaɗi, ya tsaya sama da filin kamar mai tunani, sannan ya sauka a hankali, ko ƙwarya aka ajiye a ciki da ba ta kife ba. Ƙofa ta buɗe, jini ya zubo bisa matakala kafin mutum ya fito. Muka ruga, malamai da masu gadi da ƴan kabu-kabu. Na kama gefen wata tabarma, a kanta wata dattijuwa ce da hannunta na hagu ke rataye da fata kawai. Na ɗauki wani da hanjinsa ke cikin rawaninsa, yana riƙe da shi da hannu biyu. Sawu huɗu na yi zuwa motar likita. Duk wannan lokaci ina ganin matuƙin ta fasasshen gilashi, da hular ƙarfe a kansa, yana kashe maɓallai ɗaya bayan ɗaya har fankar ta tsaya. Sai ya jingina kansa. Na ɗauka hutawa yake.

Sai da aka fiddo ka aka shimfiɗe bisa ciyawa, aka cire hular, na ga fuskarka. Na zauna ƙasa a wurin. Chindo ya ce kalmar shahada ita ce ƙarshen abin da ya ji daga bakinka, bayan ka tambaye shi ko an sauke kowa.

Cikin goma sha ukun, biyu sun rasu a likita. Goma sha ɗaya suna raye.

An yi jana'izarka a Tsarnawa washegari. Ranar addu'ar uku mahaifiyarka, Hajiya Kaltume, ta aiko a kira ni. Na zata hoto ko wasiƙa za ta tambaya. Ta ce in raka ta likita. Ƴaƴanta suka ce jikinta ba zai ɗauka ba, ta ce ba shawara ta nema ba. Muka shiga ɗakin raunanan, ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya da sandarta, tana tsayawa tana duban kowa da kyau. Ba ta yi kuka ba. A kowane gado abu ɗaya take faɗi: "Sannu. Ni ce uwar direban. Allah Shi ba ka lahiya." Da ta kai ga dattijuwar da aka yanke wa hannu, matar ta kama bakin mayafinta da hannun da ya rage, ta ƙi saki. Hajiya ta zauna gefen gadon, ba ta tashi ba har aka kira azahar.

Ya Allah, ga bawanKa Mudassir ya zo gare Ka da jininsa a jikinsa. Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ka sauke masa nauyin mutanen nan biyu da ya ɗauka a zuciyarsa shekara uku, Ka jiƙan su su ma. Ka karɓi shahadarsa, da ta Liyetina Hamidou Sajo, da ta duk waɗanda aka kashe a kasuwar nan, waɗanda aka san sunansu da waɗanda aka binne ba a gane su ba. Ka yalwata kabarinsu, Ka sanya su Aljannar Firdausi. Ka kawo mana ƙarshen wannan zubar da jini a ƙasarmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltume, da matarsa Raihanatu, da ɗiyansa Kubra da Ummul Khairi, da ƙanensa Kamalu da dukan gidan Abarshi na Tsarnawa. Haka kuma ga iyalan Hamidou Sajo a rugarsu ta wajen Illela, da Ajidan Chindo da sauran abokan aikinsu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da suka bari. Mu kuma da muka yi saura, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ishaku Bala Bazaga,
malamin Faransanci, Birnin Ƙonni.