Hoton da Gwaggo Ladi Ta Aiko a Ɗauka

Jumma'a: Kaduna zuwa Samaru

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙofar gidana a Sabon Tasha, sabuwar kyamara rataye a wuya kamar laya. Kwananta huɗu a hannuna. Tsohuwar, wadda na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar bukukuwa da ita, ta mutu murus, kuma a makon ne Gwaggo Ladi, yayar mahaifina, ta aiko daga Samaru in zo in ɗauke ta hoto. Ba na biki ba. Ta je jana'izar ƙawarta ta ga an buga hoton katin zaɓen marigayiyar a takardar tsarin sujada, fuska kamar ta wanda aka kama da akuyar sata, ta ce ita ba za a yi mata haka ba. Tana so a ɗauke ta cikin kayan zumuntar mata ta coci, kuma zanen fuskarta ya fito. Ɗanta, Yaya Bulus, ya ƙara mini a waya cewa jikin ba ya barinta ta zauna fiye da minti goma.

Shida da rabi motarmu ta tashi daga Kawo. Matsalata ɗaya ce, amma ta ishe ni. A bayan kyamara akwai 'yar taya da ake murzawa da babban yatsa, a ƙara haske ko a rage. A tsohuwar, dama ƙari ne. A sabuwar, dama ragi ne. Don haka tun daga tasha nake bita kamar 'yar aji ɗaya: hagu haske, hagu haske. Ashe har a baki nake yi. Direba ya leƙo ni ta madubi ya tambaya ko addu'ar tafiya ce irin tamu, na ce kusan haka.

A shingen bincike wajen Jaji wani jami'i ya ga kyamarar, ya ce in nuna masa abin da ke ciki. Na nuna masa gwaje-gwajen da na yi a mota, baƙi ƙirin ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo mini ita ya ce, "Wuce, ke kam ba 'yar jarida ba ce."

Takwas da kwata muka sauka Kwangila, kilomita tamanin da 'yan kai. Na shiga bas ta Palladan, tara saura na isa gida. Gwaggo tana kwance, ƙafafu a kumbure, amma bakin nan nata lafiya lau: ta ce na rame, kuma gobe bayan la'asar za ta yi shiri, sau ɗaya tak.

Bayan kunun gyaɗa da ƙosai, na roƙi matar Yaya, Anti Saratu, ta sa farar rigar zumunta in gwada da ita. Rigar ta fito fes, fuskar kamar gindin tukunya. Na murza taya in gyara, ta ƙara duhu. Na tuna karatuna, na murza hagu, na zarce, Anti ta koma fatalwa. Sai na ce bari in shiga cikin saiti in juya tayar da kaina, wai ni gwana. Shafi ya kai ni shafi. Kafin magariba tayar baya ta daina taɓa haske gaba ɗaya, ta koma yawo da wani ɗan jan ɗigo a gilashi, ɗaya tayar da ke gaba kuma ban san aikin da na ba ta ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Tsoro ya kama ni sosai, don Gwaggo ba ta da zama biyu.

Asabar da safe: Sabon Gari

Bakwai da rabi na shiga keke zuwa Muchia, inda Yaya ya kwatanta mini shagon wani mai gyaran kyamara, Oga Sunday. Minti arba'in, har da ɓatan hanya, don kwatancen Yaya na da wani kantin biredi wanda tuni ya zama wurin aski.

Oga Sunday dattijon Ibo ne, haifaffen Sabon Gari. Ya saurare ni, ya leƙa saitin, ya girgiza kai ya tambaya ko yara ne suka yi wasa da ita. Na ce e, ban faɗi shekarun yarinyar ba. Ya goge duk ɓarnata, sannan ya tambayi yadda tsohuwar take. Cikin minti biyu ya juya tayar, dama ta koma ƙari.

"Madam, ba a koya wa tsohon hannu sabon hanya," in ji shi. "Kyamara za ka koya wa hannunka."

Ya kuma bayyana mini abin da na daɗe ina yi da ka ban san dalilinsa ba. Farin tufafi yana ruɗin kyamara, ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskar baƙin mutum ta nutse. Ya ce in sa Gwaggo a inuwa, in ƙara haske danni uku, in bar rigar ta yi abin da ta ga dama. Na ci shinkafa da miya a rumfar da ke gefensa, sha biyu na koma Samaru ina jin kaina sarauniya.

Asabar da yamma: gindin mangwaro

Huɗu da rabi aka fito da Gwaggo, Yaya a dama, Anti a hagu. Zani, farar riga, ɗankwali an kafa shi tsaf. Ta zauna, ta miƙe wuya, ta ce in yi maza.

Na ɗaga kyamara. Sai karatun kwana biyu ya faɗo mini: hagu haske. Na murza hagu, na danna. Duhu. Na ƙara murzawa, duhu ya ƙaru. Kaina ya ɗaure tamau. Shin Oga Sunday dama ya mayar da ita, ko daga dama ya ɗauke ta? Wanne ne tsohon, wanne ne sabon? Na tsaya da yatsa a kan taya, ina ganin kafaɗun Gwaggo suna sauka a hankali. Yaya ya ce minti shida sun wuce.

"Rifkatu," in ji Gwaggo, "bakinki kike ɗaukar hoton da shi? Tun ɗazu yake motsi. Rufe shi."

Na rufe. Anti Saratu ta ɗauko wata waƙar zumunta a hankali don ta riƙe ta, Gwaggo ta karɓa, haɓarta ta ɗago. Ina kallonta ta cikin kyamara, na manta da taya. Sai dai na ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, yatsan yana tafiya dama shi kaɗai, yana kwance ɓarnata har ya wuce da uku. Na danna sau biyu. Na uku ta riga ta jingina, ta ce ya isa.

Na kai mata kyamarar, amma idonta ba ya ganin ɗan gilashin, don haka ta miƙa wa ɗanta. "Bulus, zanen ya fito?"

Ya daɗe yana kallo. Ya ce uku nan, uku nan, har da ɗan gajeren na gefen ido. Sai ya ce bari ya duba awaki, alhali gidan ba akuya ko ɗaya. Gwaggo ta ce to madalla, amma kada kowa ya yi gaggawa, ba ta ce gobe ba.

Lahadi: komawa

Bayan sujada na bar Samaru ƙarfe ɗaya, uku da rabi ina Kawo, biyar saura na buɗe ƙofata. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ga Anti Saratu da waƙarta, da Oga Sunday da bai tambayi shekarun yarinyar ba. Saitin tayar ban ƙara taɓa shi ba. Hoton kuwa na wanke shi babba, yana cikin ambulan a ƙasan akwatina, kuma kullum ina roƙon Allah ya daɗe a wurin.