Guɗar Hajiya a Selly Oak

Rusholme, 6:20 na safe

Muna idar da sallar asuba muka fito, gari bai waye ba, Wilmslow Road babu kowa sai bas-bas. Ni ke tuƙi, mahaifiyata Hajiya a gaba, 'yata Ummi mai shekara sha bakwai a baya, rungume da gogenta irin na Turawa. Tun da ƙaramar hukuma ta soke koyar da kiɗa kyauta a makarantarsu, maganar ko Ummi za ta ci gaba ta dawo wuyana. Ni kuwa gwanin zillewa, na ce Hajiya ce za ta yanke hukunci bayan wasan da su Ummi za su yi yau a Selly Oak. In ta ce a'a, an rataye goge ke nan.

Kan babbar hanyar M6, 7:45

Muka tsaya shan shayi, kofi fam biyu da rabi. Hajiya ta kurɓa, ta ce ruwan wanke-wanke ne, sannan ta juya wajen Ummi.

"Takwara, duk zuriyarmu babu makaɗi. Sai a kanki?"

"Hajiya, baroque fa sunansa. Kiɗan shekara ɗari uku ne."

"Shekara ɗari uku ba su yi sabo ba? Kai, talauci bai yi ba."

Ummi ta yi dariya, amma ta madubi na ga idonta ya kawo ruwa. Wallahi ta ba ni tausayi.

Sparkbrook, 12:30

Mil tamanin da ɗoriya muka yi. Muka sauke Ummi a Selly Oak su yi gwajin wasan da abokan kiɗanta, mu kuma muka ci shinkafa a Stratford Road, muka yi azahar. Sau uku ina jan kunnen Hajiya: in makaɗan nan suka yi shiru ba gamawa suka yi ba, ko tari ba a yi. Ta ce, "Likita, ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Selly Oak, 2:00

Ƙaramin zaure ne a jami'a, yawancin 'yan kallon furfura. Matasa biyar suka hau dandamali. Wata yarinya tana rera waƙa da Italiyanci a hankali, gogen Ummi yana binta kamar mai lallashi. Hajiya ta haɗe rai, ni kuma ina ta gumi cikin sanyin nan. Suka kai ƙarshen kashi na farko, zaure ya yi tsit.

Sai Hajiya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Innalillahi! Wani tsoho kusa da mu ya zabura har gilashinsa ya faɗi. Mawaƙiyar ta ciji leɓe tana danne dariya. Ummi kuwa ta san muryar, ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Kunya ta kama ni, sai kuma na tuna rabona da jin guɗar Hajiya tun kafin rasuwar Baba, shekara shida ke nan.

Gida, 6:40 na yamma

Muka iso lafiya. A bakin ƙofa Hajiya ta ce, "Ban ji kalma ɗaya ba, amma wanda ya yi waƙar nan an taɓa yi masa mutuwa. Takwara, yaushe ne darasinki?"

"Asabar, Hajiya."

"To, ubanki zai kai mu."

Alhamdu lillahi da Ya dawo da mu lafiya, har da gogen.